Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Zaman Duba Aiki ga Mambobi Masu Zaman Kansu

Assalamu alaikum. Iyayenmu, shugabanninmu da 'yan uwa mambobi maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Wannan rahoto na kwamitin gudanarwa ne, sakatare ya rubuta shi a madadinsa. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin takardar ma'aji, za a karanta ta daban a babban taro.

Abin da ya ci mafi yawan lokacinmu da ƙarfinmu bana shi ne zaman duba aiki, wato zaman da mu masu ba da shawara kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa ke kawo batutuwan waɗanda muke gani gaban jagora da abokan aiki a tattauna, kuma a kansa rahoton zai fi tsayawa. Dalili a fili yake. Abokin aikinmu da ke asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ko Kware ko Maiduguri, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da na gaba da shi, ana zagayen marasa lafiya tare da shi, wani yana buɗe fayil ɗin da ya rubuta. Mu da muka kama ɗaki muka rataya allo, da zarar mun rufe ƙofa daga mu sai wanda ya zo da damuwarsa sai Allah. In mun yi daidai ba mai gani, in mun kauce hanya ba mai cewa tsaya. Wanda zai ɗanɗana kuɗar wannan kaɗaici kuwa shi ne mutumin da ya amince mana ya faɗa mana abin da ko mahaifiyarsa ba ta sani ba.

Yadda zaman ya gudana

Mun raba mambobi rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce mutum shida ba, da jagora guda. Ana zama sau ɗaya a wata, na awa biyu. Waɗanda ba su cika shekara biyu da fara aikin kansu ba an haɗa kowannensu da wani babba don ƙarin zama na su biyu kawai. Ƙungiyar masu ba da shawara ta Birtaniya, BACP, tana sharɗanta wa mambobinta da ta tantance aƙalla awa ɗaya da rabi na duba aiki a kowane wata, mu ma daga nan muka ɗauki ma'auninmu. Da farko kowa yana kawo batunsa a kowane zama, sai ya zama minti ashirin-ashirin, kafin a gama ba da labari lokaci ya ƙare. Daga bayan ƙaramar Salla muka koma batu biyu kacal a zama, ana bin layi wata-wata, sai dai in wani ya zo da abin gaggawa. Jagorori sun ce tun daga nan ne aka fara tattaunawa ta gaske.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hana na nesa zuwa, don haka yawancin rukunoni sun koma Zoom. Ya taimaka ƙwarai, musamman ga mata masu goyo da waɗanda ke garuruwan da babu wani mamba sai su. Amma ya zo da nasa. An sha ganin mamba ya shiga zama daga falo, yara na kai da kawo, ana maganar sirrin auren wata baiwar Allah. Yanzu doka ce: ɗaki a rufe, abin saurare a kunne, kyamara a buɗe, kuma ba a naɗar zama ko da da wace hujja. A ƙarshen Oktoba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda babu wutar lantarki, zaman watan ya faɗi a rukunoni da dama, aka rama shi a Nuwamba.

Abin da aka fi kawowa

Jagorori ba su kawo wa kwamiti sunan kowa ba, irin matsalolin kawai suka tattara. Wadda ta fi yawa ita ce ta mai biyan kuɗi. Miji ya kawo matarsa, shi ke biya, bayan zama na uku ya kira waya yana son jin me ta ce. Uba ya kawo ɗansa mai shekara ashirin da biyar da ke shan tiramol, yana ganin tunda shi ya haife shi kuma shi ya biya, babu abin da za a ɓoye masa. Ƙin amsa wa dattijo a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai zaman kansa ya san in ya ƙi, watakila ba za a sake kawo yaron ba, kuɗin haya kuma na jira. Matsayar da aka cimma a kusan kowane rukuni ita ce a yi wannan magana tun ranar farko, a gaban mai biya da wanda aka kawo, a faɗi abin da za a iya sanar da iyali da abin da ba za a iya ba, a sa hannu. Kwamiti ya fitar da takardar yarjejeniya da Hausa da Turanci, kuma ana karanta ta da baki ga wanda ba ya karatu.

Ta biyu ita ce sanayya. A garuruwanmu da wuya ka yi wata shida kana aiki ba ka tarar da wanda kake gani a ɗaurin aure ko gidan gaisuwa ba, ko ka gano ashe surukar yayarka ce. Littattafan da muka karanta a jami'a sukan ce a miƙa shi ga wani. To, in kai kaɗai ne a ƙaramar hukumar fa? A nan amfanin rukuni ya fito, domin an samu lokutan da mamba ya miƙa wa ɗan rukuninsa na wani gari, suka ci gaba ta waya, da lokutan da aka ga gara ya riƙe, amma ya dinga kawo batun kowane wata a duba ko sanayyar ta fara shiga aikin.

An kuma yi doguwar muhawara kan waɗanda ke zuwa wurinmu suna kuma zuwa ruƙiyya ko wurin addu'a a coci. Mafi yawan mambobi ba sa ganin karo tsakanin biyun, kuma kwamiti na tare da su, muddin ba a sa mutum ya bar maganin likita ba, ba a ɗaure shi ko a dake shi ba. Inda jagorori suka fi sa ido shi ne kada mu ma mu rikiɗe mu koma masu wa'azi a ɗakin shawara. Matar da ta zo da baƙin cikin da ya hana ta barci wata uku ta riga ta ji "ki yi haƙuri" daga kowa a gidansu, ba shi ta biya kuɗi ta ji ba.

Mafi nauyi duka shi ne mai tunanin kashe kansa. Sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa har yanzu yana ɗaukar yunƙurin kashe kai laifi ne mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, duk da cewa Ma'aikatar Lafiya ta tarayya ta bayyana niyyar ganin an cire shi daga jerin laifuka. Wannan yana sa mutane ɓoyewa, yana kuma sa wasu daga cikinmu jin nauyin yin tambayar kai tsaye. Mun ware zama guda a kowane rukuni don gwada yadda ake tambayar da Hausa ba tare da kewaye-kewaye ba, da yadda ake tsara matakan kariya tare da mutumin da wani nasa da ya yarda da shi, da lokacin da ya wajaba a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a ranar. An kuma amince cewa duk mamban da ya gamu da irin wannan ya kira jagoransa kafin ya kwanta, kada ya jira zaman wata.

Inda har yanzu ake da sauran aiki

Wanzami ba ya son jarfa. Abin da jagorori suka fi kuka da shi shi ne mutane na kawo aikin da ya yi kyau, suna barin wanda ya hana su barci. Ana ba da labarin yarinyar da ta warke ta koma makaranta, ba a ambaci mutumin da ya daina zuwa bayan wata magana da aka faɗa masa ba, ko wanda mai ba da shawarar ke jin ransa na ɓaci tun kafin ya shigo, ko wadda ya fara jin wani abu game da ita a zuciyarsa. Waɗannan su ne ainihin abin da aka kafa zaman dominsu. Jin irin wannan ba abin kunya ba ne, kowa da ya daɗe a aikin ya san shi, ɓoye shi ne ke kai mutum ga aikata abin kunya.

Girma ma yana da hannu a ciki. Idan jagora malaminka ne a jami'a, ko sa'ar mahaifiyarka ce, sai zaman ya koma darasi: shi yana faɗa, kai kana cewa "haka ne, ranka ya daɗe." Brigid Proctor, wadda ta yi fice a wannan fanni a Ingila, ta raba aikin mai duba aiki gida uku: tsare ƙa'idar sana'a, ƙara wa mutum ƙwarewa, da farfaɗo da shi daga nauyin abin da yake ji. Mu mun iya na farko da na biyu, na ukun ne ba mu saba da shi ba. Da girmamawa muke roƙon manyanmu su riƙa fara kawo nasu batutuwan masu wuya a gaban ƙanana. A rukunin da wata Hajiya daga cikin iyayenmu ta yi haka, tun daga ranar bakin kowa ya buɗe.

Mun ga muhimmancin wannan kashi na uku a watan Satumba, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ambaliyar da ta mamaye Maiduguri. Mambobinmu na can suna sauraron waɗanda suka rasa gidaje da 'yan uwa, alhali wasunsu su ma ruwan ya shiga nasu gidajen, kuma yawancinsu sun riga sun kwashe shekaru suna jin labaran waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu. Kwamiti ya buɗe musu zama na mako-mako har zuwa ƙarshen shekara, aka yafe musu kuɗin zama, aka shawarci wasu su rage yawan mutanen da suke gani a rana. Muna godiya ga jagororin da suka ɗauki wannan aiki kyauta. Allah ya saka musu da alheri, ya mayar wa mutanen Borno da mafificin abin da suka rasa.

Sai zauren WhatsApp. Sau da yawa kwamiti ya goge saƙon da mamba ya zuba labarin wani, da shekarunsa da unguwarsa da sana'arsa, yana neman shawara. Cire suna bai wadatar ba, a gari irin namu waɗannan ukun sun isa a gane mutum. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar tsaro na musamman, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta tabbatar wa mai neman kulawa haƙƙin sirrinsa. Zauren na sanarwa ne da gaisuwa kawai.

Sauran ayyuka a taƙaice: an yi bita kan rubuta bayanan zama da adana su, an sabunta jerin asibitoci da likitocin da ake miƙa musu marasa lafiya jiha-jiha, kuma wakilanmu sun ci gaba da bibiyar yadda za a aiwatar da dokar 2022 da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara a Najeriya, domin ita za ta shafi rajistar kowannenmu.

Abin da ake neman amincewarku

Kwamiti zai gabatar da ƙudurori uku a babban taro. Na farko, daga shekara mai zuwa halartar zaman duba aiki ya zama sharaɗin sabunta zama mamba ga duk mai ganin mutane da kansa, komai shekarunsa a aiki, kuma jagorori ma su kasance suna da mai duba nasu aikin. Mun san wasu na ganin wannan tsanani ne a wannan hali na tsadar rayuwa, shi ya sa ƙuduri na biyu ya ce a ware wani kaso na kuɗin shekara don ɗauke wa sababbin shiga kuɗin zama, sauran kuma su biya gwargwadon abin da suke karɓa a zama ɗaya da mai neman shawara. Na uku, a horar da ƙarin jagorori, tare da fifita mata, domin mambobi mata da dama sun ce akwai batutuwan aure da fyaɗe da ba sa sakewa su tattauna a gaban jagora namiji, kuma jagorori matan da muke da su aiki ya yi musu yawa.

Duk mai gyara ko ƙari kan waɗannan ƙudurori ya miƙa wa sakatare a rubuce kafin mako biyu ga taron, domin a buga su cikin ajanda. Masu sha'awar shiga horon jagoranci su ba da sunayensu ta hannun jagoran rukuninsu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa