Ƙiba da ciwon dasashi: a riƙa duba su tare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu karatu kan wata alaƙa da ba a cika magana a kanta ba: tsakanin nauyin jiki da lafiyar baki. Sau da yawa a asibiti a kan ɗora mutum a sikeli, a auna hawan jininsa, a sallame shi ba wanda ya ce ya buɗe baki. A ganina wannan sakaci ne.

Kitsen da ke taruwa a ciki ba ajiya ba ce kawai da ke zaune shiru. Yana fitar da sinadaran da ke rura kumburi a jiki, shi ya sa dasashin mai ƙiba ya fi saurin kumbura idan datti ya taru a gindin haƙora. Farkon abin jini ne a kan burushi. Idan aka ƙyale, dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. Likitan haƙori yana auna zurfin ramin: milimita 1 zuwa 3 lafiya lau, daga 4 zuwa sama akwai matsala. A hankali ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, haƙori ya fara girgiɗi, kuma ƙashin da ya tafi ba ya komowa da kansa. Abin takaici, yawanci ba ya ciwo sai ya yi nisa. Idan ciwon suga ya shigo, abin ya ninka: suga yana tsananta ciwon dasashi, shi kuma ciwon dasashi yana hana sugan jini daidaita.

Sai batun zaƙi, wanda shi ne uwa uba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kusan giram 50 ga babba, ko ƙaramin cokali 12. Rabin haka ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 kan ɗauki wajen giram 35. Ga ƙiba, yawan sukarin ne abin lura. Ga haƙori kuwa, sau nawa ya shiga baki. Duk kurɓa ɗaya, ƙwayoyin cuta na mayar da sukarin tsami mai cin farin ɓawon haƙori na aƙalla minti 20 kafin miyau ya kashe kaifinsa. Wanda ya yini yana kurɓar kwalba ɗaya kaɗan-kaɗan ya fi cutar da haƙoransa a kan wanda ya shanye ta lokacin cin abinci.

Masu ƙiba sun fi fama da ƙwannafi da minshari. Ruwan cikin da ke tasowa yana cin bayan haƙora, barci da baki buɗe kuma yana busar da miyau. Bayan ƙwannafi ko amai a kurkure da ruwa, a jira kamar awa ɗaya kafin a sa burushi, domin ɓawon ya yi laushi a lokacin, gogewa za ta ƙara kankare shi.

Hanyar tana juyawa ta ɗaya ɓangaren ma. Wanda turamensa suka zube ba ya iya tauna nama da ɗanyen kayan lambu, sai ya koma ga abinci mai laushi da zaƙi. Wani ya yi ƙiba, tsoho kuwa sau da yawa ramewa yake yi.

Kowa zai iya gwada kansa da zare: kewayen ƙugu a daidai cibiya kada ya kai rabin tsayinsa. Wanda ya zarce, musamman idan dasashinsa na jini fiye da mako biyu, ya nemi a auna masa suga kuma a duba bakinsa. A goge haƙora sau biyu a rana, minti biyu-biyu, da man goge baki mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, a karkata burushi zuwa gindin haƙori. A tofar da kumfar kada a kurkure. Dattin da ya riga ya daskare kuwa burushi ba ya cire shi, sai na'urar likita.

Wassalam,
Mai karatunku.