Wasiƙa zuwa ga ɗana kan alƙaluman da yake son gogewa

Assalamu alaikum, ɗana.

Yayarka ta gaya mini cewa tun da ka auna saiwoyin shinkafar da ka sa wa fungas ɗin maikoriza, wato fungas mai amfani da ke zama a saiwar tsiro, ka tarar garkuwar tsiron ta tashi maimakon ta kwanta, hankalinka bai kwanta ba. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da ta biyo baya, wai kana tunanin cire alƙaluman kwanakin farko domin rahoton ya dace da abin da malaminka yake tsammani.

Gwajinka bai lalace ba. Tsiro ba shi da idon da zai bambance baƙo, abin da ke fara taɓa saiwarsa shi ne kaitin, sinadarin da ke bangon fungas mai cutarwa da mai amfani baki ɗaya. A shinkafa, furotin ɗin CERK1 da ke fatar ƙwayar halitta yana da hannu wajen tayar da faɗa, kuma ana bukatarsa wajen buɗe wa abokin zama ƙofa. Saboda haka dole garkuwa ta motsa da fari. Sai fungas ya saki sinadaransa na shaida, waɗanda aka bayyana yanayinsu a 2011, kalsiyam ya riƙa hawa da sauka a cibiyar ƙwayar, sannan tsiron ya sassauta ya bar zaren fungas ɗin ya shiga, tsiron yana karɓar fosfaras daga wurinsa yana biya da sukari da maiƙo. Ko bayan haka garkuwar ba ta komawa barci, tana zama cikin shiri, shi ya sa irin wannan tsiro yakan fi saurin mayar da martani idan cuta ta zo.

Ka kuma duba takin da ke tukwanenka. Saiwa ce ke fara kira da sinadarin istirigolakton idan fosfaras ya yi ƙaranci, kuma tun 2005 aka nuna cewa wannan sinadarin ne ke sa zaren fungas ya yi rassa. Idan ka cika taki, tsiron ba zai yi marhabin da kowa ba.

Ka san abin da ya raba ni da tsohon wurin aikina, ka san kuma irin shekarun da mahaifiyarka ta jure saboda na ƙi sa hannu. Ban sha wannan wahalar ba domin ɗan cikina ya ɗauki abin gogewa da hannunsa. Wallahi gara ka dawo ba digiri da ka dawo da na ƙarya!

Na san gajiya ce da tsoro, ba halinka ba ne. Ka kai wa malaminka alƙaluman yadda suke, ka sake awo bayan mako biyu, sannan ka turo mini hoton saiwoyin da ka rina in gani ko fungas ɗin ya kama.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka