Wasiƙa daga San Faransisko, garin da ya hau kan laka

Zuwa ga aminina, Malam Safiyo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya zafin Kano? Mu nan hazo ne da sanyi, ko a watan Yuli sai da rigar sanyi. Saƙonka ya iso, har da ƙorafin da ka saba, wai ba mai tunawa da ku masu awon filaye sai ranar da maƙwabta suka yi rigimar iyaka. To gyara zama, yau na samo maka labari.

Makon jiya da asuba ƙasa ta ɗan motsa. A wurin mutanen nan ba komai ba ne, kofuna ne kawai suka yi ƙara a kan kanta, amma ni sai ga ni a bakin ƙofa ina salati, ko takalmi babu. Maƙwabcina, wani dattijo haifaffen garin, da ya gama yi min dariya sai ya tambaye ni ko na san a kan me gidanmu yake zaune, dutse ko ciko. Na ce ban sani ba. Ya ce in je ɗakin karatu in nemi taswirar 1853.

Na kuwa je. Hukumar awon gaɓar teku ta Amurka ce ta fitar da ita, kuma don jiragen ruwa aka yi aikin, su san inda zurfi yake da inda za su kafe. Amma ma'aikatan ba su yi ha'inci ba, duk abin da suka gani a tudu ma sun zana shi: tsaunukan yashi, ƙoramu, fadamu, da wani babban lungun ruwa da ake kira Mission Bay. Wallahi da ka ga hannunsu da ka sara musu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wurare da dama da nake takawa kullum, a taswirar nan ruwa ne ko fadama. Titin Montgomery, inda bankuna suke a yau, kafin zuwan masu neman zinariya a 1849 shi ne bakin ruwa. Yanzu sai ka yi tafiyar kusan minti goma kafin ka ga teku.

Yadda aka yi, da labarin zinariya ya bazu, jirage suka yi ta zuwa, matuƙan suka watsar da su suka gudu haƙa. Fili ya yi tsada, sai mutane suka shiga rushe tsaunukan yashi suna zubawa a ruwa, da shara da katako da duk abin da ya samu. Wasu jiragen a inda suke aka binne su. Ɗaya mai suna Niantic sai da aka mai da shi ɗakin ajiya da masauki, kuma a 1978 masu haƙa harsashin gini suka ci karo da ragowarsa. A 2001 aka sake tono wani, General Harrison, a tsakiyar gari.

Ranar 18 ga Afrilu 1906, ƙarfe 5:12 na asuba, babbar girgizar ta zo, mai ƙarfin kusan maki 7.9 a ma'aunin girgizar ƙasa. Mutum fiye da 3,000 suka mutu, gine-gine kusan 28,000 suka salwanta, yawancinsu a gobarar da ta kwana uku tana ci. Da masana suka bi unguwa-unguwa suna rubuta ɓarnar girgizar ita kanta, a rahoton da ya fito a 1908 ƙarƙashin jagorancin Andrew Lawson, sai aka ga inda ta fi muni ya hau daidai kan tsofaffin fadamu da ƙoramun da aka cike. Gidajen kan dutse da yawa bututun hayaƙinsu ne kawai ya zube. A titin Valencia kuwa, inda wata ƙorama ta taɓa ratsawa, wani otal mai hawa huɗu ya nutse har hawansa na sama ya dawo daidai da titi, da mutane a ciki. Manyan bututun ruwa ma a irin wuraren nan suka fashe, shi ya sa 'yan kwana-kwana suka tarar da famfo a bushe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yashin da bai danƙaru ba, idan yana jiƙe da ruwa aka jijjiga shi, sai ya saki jiki ya koma kamar kunu. Ka tuna yadda muke bubbuga ƙafa a bakin rafi muna yara har ruwa ya taso ƙafar ta lume? To haka, sai dai a nan bene ne a kai.

Ga inda nake so ka ji sosai, don naka ne. Ma'aikatan waccan hukumar awon gaɓar teku sun kafa alamun awo a kan tsaunuka tun shekarun 1850, suna auna kusurwa daga wannan tsauni zuwa wancan. Bayan girgizar aka koma aka sake aunawa, sai lissafi ya ƙi haɗuwa. Wani malamin jami'a, Harry Fielding Reid, ya zauna da tsohon awo da sabo, ya gano cewa ɓangarori biyu na tsagar San Andreas, wata doguwar tsaga a cikin ƙasa da ta ratsa kusa da garin, sun yi shekaru suna gogar juna a hankali, duwatsun tsakani suna tanƙwaruwa kamar gora, har ranar da suka kasa jurewa suka ɓalle. A wani wuri arewa da garin ƙasa ta goce kusan mita 6 lokaci guda. A 1910 ya wallafa bayanin, kuma har yau a kansa ake koyar da yadda girgizar ƙasa take aukuwa. Wanda ya sha hawan tsauni da kayan awo a kafaɗa a 1850 da wani abu, ina zai san aikin da lambobinsa za su yi?

Za ka ce ai daga nan sun hankalta. Ina! A 1912 aka zuƙo yashi da laka daga ƙasan ruwa aka cike wani lungu a arewacin garin, don baje kolin duniya na 1915, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a nuna garin ya farfaɗo. Da aka watse sai aka yanka filaye, unguwar Marina ke nan. Ranar 17 ga Oktoba 1989 wata girgiza mai maki 6.9 ta taso daga nisan kusan kilomita 100, ta tsallake unguwanni da yawa ba ta yi musu wani abin kirki ba, ta zo ta durƙusar da benaye a Marina. Gobara ta tashi, bututu suka sake fashewa, sai da jirgin ruwan kashe gobara ya turo ruwan teku. Mutum 63 suka mutu a yankin baki ɗaya, 42 daga ciki a wata gadar sama mai hawa biyu a garin Oakland da ke tsallaken ruwa, wadda ɓangaren da ya rufta a kan laka yake.

Bayan wannan ne jihar Kalifoniya ta yi doka a 1990, aka fitar da taswirar wuraren haɗari, kuma mai sayar da gida dole ya shaida wa mai saye idan gidan yana ciki. Duk da haka Marina tana cikin unguwannin da suka fi tsada. Sai na tuna kududdufan cikin birni da muka tashi muna gani, waɗanda aka cike da shara aka dasa shaguna. Mu Allah ya raba mu da girgiza, amma kai ka fi ni sanin inda ruwa yake komawa duk Agusta. Don Allah idan akwai tsohuwar taswirar Kano a ofishinku mai nuna su, ka ɗauko min hotonta.

Af, gidanmu a kan dutse yake, na duba har sau biyu. Wurin aikina ne dai a kan ciko, kuma tun ranar nake zama kusa da ƙofa.

Na sa an buga maka kwafin taswirar 1853 babba, zan ba wani mai tahowa gida bayan Sallah. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Baba ina neman addu'a.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka