Wasiƙa daga Aboabo: littafin bashin Kawu ya hau kwamfuta

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin Jamus? Na san kana jin haushina. Wata uku ke nan saƙonka na maganar filin nan yana zaune a wayata ban ba ka amsa ba. Ka yi haƙuri, zan zo kanta a wasiƙa ta gaba. Amma bari in fara sauke abin da ke cikina, don tun jiya nake neman wanda zai fahimci daɗin da nake ji, kuma duk Kumasi ban ga kamarka ba.

Littafin Kawu ya hau kwamfuta! E, baƙin littafin nan da ake ɗaure shi da roba, wanda ya taɓa korar mu daga shago don mun ɗora kofin koko a kansa. Bayan ƙaramar sallah ya kwanta rashin lafiya sati biyu, fataken goro suka iso daga Legas, aka rasa mai iya cewa ga wanda muke bi, ga wanda ke bin mu, huhu nawa ya fita, nawa ya rage. Hajiya ta kira ni ɗaki ta ce, "Kai da ka yi karatun na'ura, haka za ka zuba ido dukiyar gidan nan ta dogara da kan mutum ɗaya?" Maganar ta shige ni ƙwarai.

Ka san kwamfutata, ita ce dai wadda ka saka wa Ubuntu kafin ka tafi. Visual Studio, manhajar Microsoft ta rubuta shirye-shiryen kwamfuta, ba ya hawa Linux, Ubuntu kuwa nau'in Linux ne, ni kuma a zatona in babu shi ba a fara aikin .NET, wato tsarin Microsoft na gina manhaja. Wani yaro ɗan Asawase da ke karatu a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ne ya zaunar da ni a bencin mai shayi, ya sa na sauke SDK na .NET 8, wato kayan aikinsa, ya ce in buɗe baƙin allon ba da umarni in rubuta dotnet new list. Sai ga jerin samfura sun zubo, kowanne da gajeren sunansa. Na rubuta dotnet new mvc -o Rahoto, kafin mai shayi ya gama soya ƙwai an kafa min aiki sukutum: ga Controllers, ga Models, ga Views, ga wwwroot, ga Program.cs da appsettings.json. Na shiga foldar na buga dotnet run, ya ba ni adireshin localhost, wato na cikin kwamfutar kanta, na buɗe a burauza, shafi ya fito. Kamar magini ne ya je fili ya tarar an riga an zuba harsashi, an ja wuta da ruwa, saura ya tsara ɗakuna yadda mai gida ke so. Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

Kamfanonin da ke sayar da kayan haɗa rahoto su ma suna da nasu samfuran. Kana ɗauko su da dotnet new install, su zo maka da shafin duba rahoto da na zana shi a shirye. Na gwada ɗaya, ya yi kyau ba ƙarya, amma lasisinsa da dala ake biya, ka kuma san yadda sidi yake a gaban dala. Sai na bi hanyar talaka: SQLite, ƙaramar manhajar adana bayanai, ya riƙe bayanai a fayil guda, na ƙara kunshin da ke fitar da PDF daga NuGet, rumbun kayan .NET, da dotnet add package, sauran na rubuta da hannuna. Rahoto uku kawai Kawu ke buƙata: cinikin yau, masu bashi da kwanakin da bashin ya yi, sai abin da ya rage a sito, fari daban, ja daban.

Af, kafin in manta, ƙanwar abokin kokawarka an ɗaura mata aure a Alabar. An tambaye ka har sau uku. Na ce kana can kana cin burodi mai sanyi kana kuka da ƙungiyar ƙwallonka ta Hearts daga nesa. Ka dawo mu je filin wasa na Baba Yara ka ga yadda Kotoko ke taka leda, ko ka shiryu. Mai waakye ta bakin masallaci kuma ta ƙara kuɗi, amma har yanzu layinta sai ka yi sammako.

To, ranar da na kai wa Kawu takardar farko ita ce ba zan manta ba. Ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa, ya tsaya cak. Ya ce, "Wa ya ce ina bin mutumin nan miliyan biyar?" Ashe a littafinsa da tsohon lissafi yake rubuta wasu basussukan. Tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma a bakinsa miliyan biyar na nan daram, abin da yake nufi sidi 500 ne. Ɗan autanmu da ya shigar da bayanan ya kwafa yadda ya gani. Kwana huɗu muka yi da Kawu a kan tabarma bayan isha'i, ina karantowa yana cewa wannan tsoho ne, wannan sabo. A nan na ji tarihin kowane bashi: wanda gobara ta ci rumfarsa aka ɗaga masa ƙafa, wanda ubansa ya yi ciniki da kakanmu tun ana kai goro Salaga. Akwai sunaye biyu da ya ce kada su fito a rahoton da yara za su gani, don ya yafe a zuciyarsa, yana jiran su zo da kansu ya faɗa musu. Dole na ƙara wani gurbi a teburin saboda su.

Sai matsala ta biyu. Duk inda alamar ₵ take a PDF sai wani ɗan akwati ya fito, haka ma ɗ da ƙ a sunayen mutane. Salon haruffan da na zaɓa don kyau ba ya ɗauke da su. Na canza zuwa Noto Sans, na saka fayil ɗinsa cikin aikin, komai ya daidaita. Kwanan wata ma da farko wata ke riga rana irin na Amurka, sai da na saita shi a en-GH, wato tsarin Ghana. Da Kawu ya ga sunan amininsa da lanƙwasar ɗ ɗinta daidai, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

Yanzu ga abin da ke damuna, kuma shawararka nake so da gaske. Komai yana kan kwamfuta ɗaya wadda batirinta bai kai minti ashirin ba in an ɗauke wuta. Kullum da dare ina kwafe fayil ɗin bayanan a filasha, amma hankalina bai kwanta ba. In ɗora shi a saba ta haya, wato kwamfutar wani kamfani da ke kan intanet, don Kawu ya duba a wayarsa ko yana kasuwar Kejetia, ko in bar shi a shago? Sirrin bashin mutane ne, ina tsoron in buɗe shi ga intanet ban gama ƙware wa tsaro ba. Ga shi tallafin .NET 8 zai ƙare a Nuwamban 2026, ina so in san yadda ake ɗaga aiki zuwa sabo ba tare da na fasa abin da ke tafiya ba. Kai ka yi irin wannan a wurin aikinka, ka rubuto min dalla-dalla, kada ka turo min saƙon murya na minti goma kana tafiya cikin iska.

In akwai mai zuwa gida kafin babbar sallah, ka ba shi sabon batirin kwamfutata, zan turo maka lambar da ke jikinsa. Hajiya na gaishe ka, ta ce yajin da ta aika maka ya isa kuwa? An kira magariba, Kawu na jira in buga masa cinikin yau kafin ya rufe shago.

Naka har kullum,
amininka na Aboabo