Amsa ga mai tambaya: rage kuɗin kamfe zai buɗe wa ɗan talaka ƙofar majalisa?

Assalamu alaikum ɗan'uwa.

Mun ji tambayar da ka jefo mana a bainar jama'a, cewa me zai hana a zaftare iyakar kuɗin da doka ta yarje wa ɗan takara ya kashe, domin malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa ya iya neman kujerar majalisa. Tambaya ce mai kyau, kuma damuwar da ta haife ta muna tare da kai a kanta. Amsarmu dai ita ce rage adadin shi kaɗai ba zai yi maganin komai ba, an bar jaki ne ana dukan taiki. Za mu kafa hujja da Dokar Zaɓe ta 2022, tunda ita aka gwada a babban zaɓen 2023, kowa ya ga inda ta yi aiki da inda ta gaza.

Sashe na 88 na dokar ya ce mai neman shugaban ƙasa kada ya wuce naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan Majalisar Wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30. Mutum ɗaya kuma kada ya ba ɗan takara gudummawar da ta haura miliyan 50. A dokar 2010 iyakar ta yi ƙasa da haka sosai: biliyan 1 ga shugaban ƙasa, miliyan 40 ga sanata, miliyan 20 ga ɗan Majalisar Wakilai. Ka ga an riga an gwada ƙaramar iyakar da kake nema a zaɓukan 2011 da 2015 da 2019, kuma ba ta sa majalisa ta cika da 'ya'yan talakawa ba.

Babban dalili shi ne kuɗin da ke hana talaka takara ana kashe shi tun kafin a fara lissafi. Sashen yana magana ne a kan ɗan takara, kuma mai neman tikiti bai zama ɗan takara ba sai jam'iyya ta tsayar da shi. Fara da fom. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa miliyan 100, gwamna miliyan 50, sanata miliyan 20, Majalisar Wakilai miliyan 10. PDP ta sa miliyan 40 da miliyan 21 da miliyan 3.5 da miliyan 2.5. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato mai wannan albashi sai ya tara na kusan shekara 28 bai taɓa ko sisi ba kafin ya sayi fom ɗin Majalisar Wakilai a APC. Dokar ba ta ƙayyade farashin fom ba.

A zaɓukan fid da gwani na 2022, bayan fom sai daliget, wato wakilan jam'iyya da ke zaɓen ɗan takara, kuma nan ne kasuwar ta ci. Najeriya na da mazaɓun kansila 8,809, kujerun Majalisar Wakilai 360, ke nan kowace kujera tana da mazaɓu wajen 24 idan aka raba daidai. Jam'iyyar da ta fitar da daliget 5 a kowace mazaɓa ta damƙa tikitin ga mutum wajen 120, wadda ta fitar da 3 kuma ga mutum 70 da 'yan kai. Mutane kaɗan irin wannan ana iya sanin gidan kowannensu, a kwashe su a ajiye a otal kwana biyu kafin zaɓen fid da gwani, a yi ciniki. Wanda ya ci ta wannan hanya yakan shiga majalisa da bashi a wuya, ko na banki ko na ubangida, kuma daga dukiyar jama'a ake fanshewa. Zaɓen 'yar tinƙe yana rage wannan ciniki, amma sai jam'iyya tana da rajistar 'ya'yanta ta gaskiya. Sashe na 77 na dokar 2022 ya ce ta miƙa wa INEC rajistar kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Idan ba wanda ya tantance sunayen, sai a rubuta sakamako a ɗaki a ce jama'a sun yi layi.

To ko a lokacin kamfe ɗin kansa, wa ke ƙirgawa? Dokar ta ɗora wa jam'iyya nauyin kai rahoto: na gudummawar da ta karɓa cikin wata 3 bayan sanar da sakamako, na abin da ta kashe cikin wata 6, da sa hannun mai binciken kuɗi. Shi ɗan takara da aka yanka wa iyaka, dokar ba ta wajabta masa kai nasa rahoton kai tsaye ba, alhali kuɗin fosta da motoci da gangami da 'yan rediyo ta hannunsa yake fita. Akwai ma kuɗin da ba a san littafin da zai shiga ba. Rumfunan zaɓe a 2023 sun kai 176,846. A ƙaddara an ba ejan ɗaya naira 10,000 a kowace rumfa, an kashe sama da biliyan 1.7, fiye da kashi ɗaya cikin uku na iyakar ɗan takarar shugaban ƙasa, a yini guda. Wannan ejan kuma shi ne ke tsare ƙuri'ar sanata da ta ɗan Majalisar Wakilai a ranar. Kowanne cikin ukun na iya cewa ba shi ya biya ba.

Hukuncin ma abin takaici ne. A dokar 2022, ɗan takarar da ya ƙetare iyaka da saninsa zai biya tarar kashi 1 cikin 100 na iyakar, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Ga sanata tarar naira miliyan 1 ce, alhali fom kaɗai ya saya miliyan 20 a APC. Sashen bai ce zai rasa kujerarsa ba. INEC ce ke da alhakin gurfanarwa, amma ba ta da ikon kama mutum, bincike sai ta jira 'yan sanda, ga ta da shari'o'in zaɓe jibge a kotuna.

Abin da muke ganin ya kamata ka nema daga ɗan majalisarku shi ne gyaran da zai sa a ga kuɗin. Duk wanda ya sayi fom, tun daga ranar, ya buɗe asusun banki ɗaya tilo na takara, duk abin da ya shiga ko ya fita ya bi ta nan, a rubuta sunan kowane mai gudummawa. Ya kai rahoto shi da kansa, da rasit, kuma a wallafa a intanet yadda abokin hamayya da 'yan jarida za su iya ƙirga allunan tallarsa su kwatanta. Ba sabon abu ba ne. A Indiya ɗan takara yana buɗe asusu na daban, yana miƙa lissafinsa cikin kwana 30 bayan sakamako, hukumar zaɓe tana tura masu sa ido da ke riƙe nasu littafin, kuma wanda ya ƙi kai lissafi ana iya hana shi takara har shekara 3. Can ma ana kauce wa doka, amma akwai abin tsoro. A sa wa farashin fom iyaka a cikin dokar kanta. A kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe mai ikon kamawa da bincike, wadda kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafawa tun a rahotonsa na 2008.

Wasu na kiran a dawo da tallafin gwamnati ga jam'iyyu, wanda aka cire a dokar 2010. Mu dai ba mu goyi baya ba sai da sharaɗi, don a baya ya haifar da jam'iyyun jaka da ake yi wa rajista domin karɓar kaso. In za a bayar, a ɗaure shi da yawan ƙuri'un da jam'iyya ta samu, kuma wadda ba ta kai rahoton kuɗinta ba kada ta ga ko kwabo.

Akwai ɓangaren da ba ka taɓo ba, kuma yana da alaƙa da tsadar takara. A tsarinmu kujera ɗaya ce a kowace mazaɓa, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe, wanda ya zo na biyu ko da tazarar ƙuri'a 100 ce ya tashi a tutar babu. Shi ya sa 'yan takara ke sayar da gida da gona a makon ƙarshe, kuma ƙuri'a take tsada a rumfa. Kwamitin Uwais ya ba da shawarar a ƙara kujeru 108 a Majalisar Wakilai da za a raba wa jam'iyyu gwargwadon kason ƙuri'unsu. Jam'iyyar da ta samu kashi 10 cikin 100 za ta sami murya, kuma ta nan mata ke da hanyar shiga, tunda a kujeru 109 na Majalisar Dattawa mata 4 kacal zaɓen 2023 ya kai. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi amfani da rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u kafin juyin mulkin 2023, har da kujeru 8 da aka keɓe wa ƙananan ƙabilu. Hatsarin tsarin a fili yake: idan shugabannin jam'iyya ne ke tsara jerin sunaye a ɓoye, kasuwar daliget ce za ta koma ofishin jam'iyya, don haka dole doka ta fayyace yadda ake fitar da jerin. Wannan gyara na kundin tsarin mulki ne, sai da kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Na asusu da fom da rahoto kuwa gyaran Dokar Zaɓe kawai yake buƙata, shi ya sa muke ba ka shawarar ka fara da shi idan an kira zaman jin ra'ayin jama'a.

Allah ya saka maka da alheri. Wassalam.