'Yan mazan jiya masu shirin dawowa gida, ku gama da takardun asibiti kafin ku hau jirgi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka in ja hankalin 'ya'yanmu da suka yi aikin soja a Amurka ko Birtaniya, waɗanda yanzu suke son dawowa Kano, Kaduna ko Damagaram su huta cikin dangi. Ana yawan gaya musu cewa ƙasashe suna da yarjejeniyar ba ni gishiri in ba ka manda a kan lafiyar tsofaffin sojoji, don haka duk inda suka je katin soja zai wadatar. Irin wannan yarjejeniya tana nan, amma tsakanin ƙasashe ƙalilan ne. Misali mafi bayyana shi ne na Amurka da Kanada: tsohon sojan Amurka da ke zaune a Kanada yana miƙa takardunsa ga ma'aikatar tsofaffin sojojin Kanada, ita ta biya, daga baya Amurka ta mayar mata da kuɗinta. Najeriya da Nijar ba sa cikin wannan tsari. Kuma ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka, wato VA, ba ta da asibiti ko ɗaya a ƙasar waje sai ƙaramin da ke Manila a Filifin.

Abin da ya rage wa tsohon sojan Amurka da ya dawo gida shi ne shirin VA na biyan kuɗin magani a ƙasar waje, wanda take kira FMP. Shirin yana biyan kuɗin maganin ciwon da VA ta riga ta tabbatar a rubuce cewa aikin soja ne ya jawo shi, ko wani ciwon da yake ƙara tsananta wancan. Kusan iyakarsa ke nan. Wanda aka tabbatar masa da ciwon gwiwa da raunin ji, idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana huɗu a asibiti, daga aljihunsa zai biya. Haka ma hawan jini ko ciwon suga, matuƙar ba sa cikin jerin da aka amince masa. Shi ya sa nake ba da shawarar duk mai wani ciwo da yake ganin daga bariki ko fagen daga ya samo shi, ya nemi a tantance shi tun yana can kusa da likitocinsu.

Rajista da fom mai lamba 10-7959f-1 ake yi. Bayan an karɓa, sai a aiko wa mutum wasiƙa ɗauke da jerin cututtukan da za a biya masa. Ya adana wannan wasiƙa kamar takardar gida, ya nuna wa likita tun ranar farko. Shi zai zaɓi asibitin da yake so, ba sai ya nemi izini ba. A aikace dai, asibitocinmu kuɗi a hannu suke so, don haka shi zai fara biya sannan ya nemi a mayar masa, da fom mai lamba 10-7959f-2 a saman takardun. Wa'adin nema shekara biyu ne daga ranar da aka duba shi, ko daga ranar sallama idan kwanciya ya yi.

A nan ne aka fi yin asara, domin rasidin da muka saba da shi bai isa ba. Kowa ya san ɗan guntun nan mai kwafin shuɗi da ake yagowa a wurin biya, an rubuta "gado da magani" da biro, sai jimla ɗaya da hatimi da ya dusashe. Ma'aikacin da zai duba shi a Amurka ba shi da hanyar gane ko gwiwar aka yi wa aiki ko zazzaɓin. Ana buƙatar cikakken sunan likita da adireshin asibiti, sunan ciwon da aka duba, bayanin kowane aiki da kwanan watansa da kuɗinsa daban, da shaidar an biya. Idan an kwanta, a haɗa da rahoton sallama, idan an yi tiyata a haɗa da rahotonta. Magani kuwa a rubuta sunansa, ƙarfinsa da adadinsa, kuma dole ya zama wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi. Maganin gargajiya ba ya shiga. Ɗan da yake jinyar mahaifinsa ya tsaya a ofishin ajiye bayanai ya karɓi waɗannan takardu kafin a bar asibitin, saboda komawa neman fayil bayan wata shida wahala ce babba. Wanda aka duba a Nijar da takardun Faransanci zai iya aikawa haka, amma fassara tana ƙara jinkiri.

Wanda ya yi shekara 20 a aikin sojan Amurka ya yi ritaya yana da wata ƙofar, wato inshorar lafiyar sojoji ta TRICARE, wadda take aiki a ƙasashen waje kuma ba ta tsaya ga ciwon aiki ba, sai dai yana biyan nasa kaso. Tarkon yana nan idan ya kai shekara 65: dole ya ci gaba da biyan sashen B na Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, duk wata, duk da cewa Medicare ba ta biyan asibitin Najeriya. Wanda ya ce asarar kuɗi ce ya daina, ya rasa TRICARE ɗin ma.

Na Birtaniya ya sha bamban. Asibitocin gwamnati na NHS suna duba ko mutum mazaunin ƙasar ne kafin su yi masa magani kyauta, shekarun da mutum ya yi cikin kaki ba sa cikin lissafi. Tsohon soja da ya dawo gida ya zauna, idan ya koma Ingila neman magani ana iya cajinsa kashi 150 cikin 100 na farashi a matsayin baƙo, sai fa in yana karɓar fanshon rauni na yaƙi ko diyyar rauni ta rundunar, waɗannan an ɗauke musu. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta yafe kuɗin neman izinin zama na dindindin, fam 2,389, ga sojoji 'yan ƙasashen waje da suka yi shekara shida ko aka sallame su saboda rauni. Amma wannan izini yana faɗuwa idan mutum ya wuce shekara biyu a jere ba ya ƙasar. Mai shirin dawowa ya yi wannan lissafi da iyalinsa tun da wuri.

Malam Edita, ba zan rufe ba tare da ambaton namu ba. Sojojin Najeriya da suka yi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da waɗanda suka yi yaƙi a bakin Tafkin Chadi, wasunsu suna da dangi da gidaje a Maraɗi, Diffa ko Garwa. Ina kira ga Ma'aikatar Tsaro da kamfanin inshorar lafiyar sojoji na DHML su fitar da bayani a rubuce, da Hausa, a kan abin da ɗan fansho zai iya nema idan ciwo ya kama shi a tsallaken iyaka: wane fom, wane ofishi, cikin kwana nawa. A liƙa shi a ofisoshin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jihohi, a kuma karanta shi a rediyo.

Naka mai karatu,
daga Kaduna.