Bashin Hayar Dogon Zango: Layin Da Masu Hannun Jari Ke Tsallakewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana masu ƙaramin hannun jari a kan wani layi da ke cikin rahoton shekara na kamfanonin da ake cinikin hannayen jarinsu a kasuwar Legas, wato bashin hayar dogon zango. Na daɗe ina aikin akanta, kuma na lura cewa idan rahoto ya fito, yawancinmu riba muke dubawa da rabon da zai shigo aljihu, daga nan sai mu naɗe takarda.

Idan kamfani ya sa hannu a kan hayar jirgin sama, ko gini, ko turakun sadarwa har na shekara goma ko sha biyar, kuma ba shi da ikon warware yarjejeniyar duk ranar da ya ga dama, to kuɗin hayar nan bashi ne a wuyansa, ko da yake kayan ba mallakinsa ba ne. Ɗan kasuwar da ya kama shago a Kantin Kwari ya san haka sarai, domin ko an yi ciniki ko ba a yi ba, mai shago yana jiran kuɗinsa.

A da, ƙa'idar lissafi ta kasa haya gida biyu. Wadda ta yi kama da sayen kaya bashi ita kaɗai ake shigarwa cikin jadawalin kadara da bashi, ɗayar kuwa sai dai a ambace ta can ƙarshen rahoto inda ba kowa ke kaiwa ba, don haka kamfanoni da dama suka riƙa tsara yarjejeniyarsu ta yadda za ta faɗa gida na biyu. Hukumar tsara ƙa'idojin lissafi ta duniya da ke Landan ta ƙiyasta cewa alƙawuran hayar da ke kan kamfanonin da ake cinikin hannayen jarinsu a faɗin duniya sun kai dala tiriliyan 3.3, kuma fiye da kashi 85 cikin 100 ba sa bayyana a jadawalin. Wannan ne ya sa ta fitar da ƙa'idar IFRS 16 a watan Janairun 2016, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019. Yanzu dole ne a lissafa darajar kuɗin hayar da za a biya nan gaba a farashin yau, a rubuta ta a matsayin bashi, a kuma raba abin da za a biya cikin wata 12 da wanda zai wuce haka. Hayar da ba ta haura shekara guda ba da ta ƙananan kaya kaɗai aka ɗauke wa wannan nauyi. Nijeriya ta bi ƙa'idojin hukumar tun 2012, saboda haka dokar ta hau kan kamfanoninmu.

Wanda ke ganin maganar ta masu ilimin lissafi ce kawai, ya dubi MTN Nijeriya, wanda jama'a da yawa suka sayi hannun jarinsa a watan Disambar 2021 a kan naira 169. Yawancin turakun da yake amfani da su haya ce daga kamfanoni irin su IHS, kuma an ɗaure wani kaso na kuɗin hayar da farashin dala. Da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, wato ya bar kasuwa ta yanke mata farashi har darajarta ta faɗi, sai bashin ya kumbura a lissafin naira ba tare da an ƙara turke ko ɗaya ba, kuma wannan na cikin abubuwan da suka jawo wa kamfanin asarar naira biliyan 137 a 2023 da kusan biliyan 400 a 2024, alhali kuɗin shigarsa ƙaruwa yake yi. Sai da ya sake zama da IHS a 2024 aka rage kason dala. Alkaluman hayar nan suna cikin rahotonsa tun kafin naira ta faɗi, sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka karanta.

A ganina haya ba aibu ba ce, domin sau da yawa ta fi daskarar da jari wajen sayen kaya. Abin da ya kamata mai hannun jari ya bincika shi ne yawan bashin hayar idan aka gwada shi da jarin masu kamfani, da shekarun da suka rage, da kuma kuɗin ƙasar da aka ƙulla yarjejeniyar da shi, domin kamfanin da ke samun naira yana biyan haya da dala yana cikin haɗarin da ribar shekara guda ba ta nunawa. Duk mai hannun jari yana da haƙƙin yin waɗannan tambayoyi a babban taron shekara, komai ƙanƙantar jarinsa.

Ina kuma roƙon jaridarku, duk lokacin da za ta kawo labarin sakamakon wani kamfani a shafin kasuwanci, ta riƙa haɗawa da adadin bashin hayarsa da ɗan bayani cikin Hausa, saboda rahotannin da Turanci ake wallafa su, kuma bayanin haya kan kasance can cikin shafuffukan baya.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Akanta mai ritaya, Zariya.